Wa ke karɓar kalmar sirrinmu? Yadda GnuPG ke kiran mataimakanta

Jama'a, yau mu leƙa cikin GnuPG, manhajar da Bajamushe Werner Koch ya fitar a 1997 domin kulle saƙonni da takardu a kwamfuta. Ba ita kaɗai ke aikin ba, tana da mataimaka: gpg-agent ke riƙe makullin sirri, pinentry kuma ita ce ƴar tagar da ke tambayarmu kalmar sirri.

To ga haɗarin. In manhaja ta kira mataimaki da suna kawai, kwamfuta takan bi wuraren ajiya ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe wanda ta fara tararwa. Ɓarawo ya ajiye pinentry ta bogi a gaba, shi ke nan, da hannunmu mun miƙa masa kalmar.

Shi ya sa GnuPG ke riƙe cikakken adireshin kowane mataimaki a inda aka girka ta, wurin da galibi sai mai iko da kwamfutar ke iya taɓawa.

Amma fa in manhajar kanta jabu ce, dabarar ta tashi a banza. Ƴan uwa na gida da na ƙetare, mu sauke ta daga gnupg.org, kar mu girka wadda aka turo mana ta WhatsApp.