Fihirisar Masu Buga Abinsu da Kansu: Tarihin Mujallar Factsheet Five

Tun kafin a san intanet, a zamanin da duk mai son muryarsa ta kai nesa sai ya bi ta ƙofar masu jarida da manyan kamfanonin ɗab'i, waɗanda kuwa ba kowa suke buɗe wa ba, akwai wata jama'a a Amurka da Ingila da ta yanke shawarar kauce wa ƙofar baki ɗaya. Mutum ya zauna a ɗakinsa da keken rubutu da almakashi da gam, ya tsara 'yan shafuka a kan abin da ya dame shi, ya gurza kwafi hamsin ko ɗari, ya ɗinke, ya kai gidan waya. Irin wannan 'yar mujalla ita suke kira zin. Asalinta daga masoya ƙagaggun labaran kimiyya ne, waɗanda suka fara buga nasu tun 1930, kuma wani daga cikinsu, Louis Russell Chauvenet, shi ya raɗa mata suna a 1940. Daga bisani samarin kiɗan punk suka karɓe ta, kamar yadda Mark Perry ya yi a Landan a 1976 da tasa mai suna Sniffin' Glue.

Amma fa akwai mushkila. Abin da aka buga kwafi ɗari, ba ya kanti, ba ya tallar jarida, ta yaya mai nema zai san da zamansa? Maganin wannan shi ne ya fito daga hannun wani saurayi, Mike Gunderloy, a shekarar 1982. Da yake mutum ne mai yawan wasiƙa da abokai, kuma ya gaji da maimaita wa kowannensu labarin abubuwan da suka zo masa ta gidan waya, sai ya tara bayanin a takarda mai shafi biyu, ya gurza, ya raba musu. Ya sa mata suna Factsheet Five, sunan da ya aro daga wani gajeren labari na John Brunner, marubucin Ingila.

Tsarinta ba shi da wani ado: sunan zin, ɗan taƙaitaccen sharhi a kan abin da ta ƙunsa, kuɗinta, sa'an nan adireshin mai ita. A ganina wannan adireshi shi ne ruhin al'amarin duka, domin da shi ne mai karatu a wani ƙauye zai ɗauki ambulan, ya naɗe dala ɗaya ko biyu a cikin takarda, ko ya sa kan sarki, ko kuwa ya aika da tasa zin a yi musaya, bayan 'yan makonni amsa ta iso masa daga mutumin da bai taɓa gani ba, kuma watakila har abada ba zai gani ba. Ta haka mawaƙi da mai zane, da ɗan siyasar da babu jam'iyyar da ta ɗauke shi, da ɗan kurkuku, da wanda babu abin da ke gabansa sai tarihin tsofaffin finafinai, suka san cewa ba su kaɗai ba ne. Ɗalibin ilimi ya san darajar fihirisa, wadda ita kanta ba ilimi ba ce, amma in babu ita littattafai sai su zama kamar an binne su.

Abin da ya ɗaukaka Gunderloy a idon jama'arsa shi ne ƙa'idar da ya ɗora wa kansa, ta ƙoƙarin duba duk abin da aka aiko masa ba tare da raini ba, ko da ra'ayin mai shi ya saɓa wa nasa, ko da bugun ya fita a dagule. Adalci ne, amma adalci mai tsada. Da sunan mujallar ya bazu, bayan ya koma Rensselaer a jihar Niyok, sai wasiƙu suka riƙa zuwa kamar ruwan Agusta, shafi biyun nan ya wuce ɗari, kowace fitowa da ɗaruruwan sharhi cikin ƙananan haruffa. Kuma ko da yake Cari Goldberg Janice ta shigo tana taimaka masa, ɗawainiyar ta fi ƙarfin mutum biyu. A 1991, bayan fitowa ta 44, Gunderloy ya ajiye alƙalami.

Hudson Luce ya karɓa, fitowa ɗaya tak ya yi. Sai R. Seth Friedman ya farfaɗo da ita a San Faransisko, ya gyara mata fuska har ta shiga manyan kantunan littattafai, ya riƙe ta zuwa fitowa ta 64 a 1998. A lokacin intanet ta soma yin aikin fihirisa cikin ƙiftawar ido, kuma a kyauta. Aikin bai mutu nan take ba, gama a Toronto ta Kanada an kafa mujallar Broken Pencil a 1995 bisa irin wannan hidima.

Shi kuwa Gunderloy ya juya ga rubuta littattafan ilimin kwamfuta. Zin ɗin da ya tara, sama da dubu goma, ya ba da su ga Ɗakin Karatu na Jihar Niyok da ke Albany, inda suke ajiye har yau.