Kifin da Ake Biyan Kuɗi Don a Kalla

A yammacin Sikotland, kusa da tsibiran Coll da Tiree, akwai wata sana'a da in ka ba masuncin Tamburawa ta Kano labarinta zai ce tatsuniya kake yi. Mutane ke biyan kuɗi a ɗauke su cikin jirgin ruwa, su sa rigar roba mai kama jiki saboda sanyi, su ɗaura tabarau, su cije ɗan bututun shaƙar iska, su kwanta rub da ciki a kan teku. Duk wannan wahala don su ga kifi ya wuce. Ko taɓa shi an hana, ƙa'ida ma ita ce a bar tazarar mita 4.

Kifin ɗan dangin shak ne. Turawa na kiransa mai shan hantsi, don yakan taso saman ruwa a watanni irin su Yuli da Agusta kamar mai neman ɗumin rana. Shi ne na biyu a girma cikin kifayen duniya, tsawonsa yakan kai mita 8, ya fi bas ɗin haya nesa ba kusa ba. In ya wage baki, faɗinsa ya kai mita guda. Sai dai girman kawai ne, ba ya cin mutum. Yana tafe baki buɗe, ruwa na shiga yana fita ta tsagogin gefen wuyansa, wasu ƙananan halittu da ido ke gani da ƙyar suna maƙalewa kamar tsaki a rariya. Abincinsa ke nan.

Da can hantarsa ce ta ja masa. Takan kai rubu'in nauyin jikinsa, kuma cike take da mai, wanda aka yi ta kunna fitilu da shi, daga baya masana'antu suka shigo nema. Marubuci Gavin Maxwell ya kafa wurin tatsar man a tsibirin Soay bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya karye cikin 'yan shekaru. A tsibirin Achill na Ayilan kuwa an kashe dubbai tsakanin shekarun 1940 da 1970. Kifi ne mai jinkirin girma da ƙarancin haihuwa, sai ya yi wuyar gani. Birtaniya ta haramta kama shi a 1998, a 2020 aka keɓe masa yankin tekun Hebrides, Ayilan ita ma ta ba shi kariyar doka a 2022. Yanzu kifin da ake farkewa sau ɗaya a sayar, shi ne ake kai baƙi kallo shekara bayan shekara.

Mu a Arewa ba mu da teku, amma mun san kifi na tara jama'a. Argungu shaida ce: tun 1934 ake bikin, masunta na faɗawa kogin Matan Fada da homa da gora, kowa na burin giwan ruwa, har UNESCO ta sa bikin cikin gadon duniya a 2016.

To mu dawo Kano. Sharaɗin wancan kallo guda ne, ruwa ya zama mai rai kuma ido na ratsa shi. A nan kuwa, majemun fata da masaƙu na Challawa da Sharaɗa sun daɗe dagwalonsu yana gangarawa kogin Challawa, na Sharaɗa ta rafin Salanta. Na Bompai yana bin Getsi ya faɗa Jakara, ya ƙare a madatsar Wasai. Jimar zamani da sinadarin kuromiyom ake yin ta, shi kuwa ƙarfe ne, ba ya ruɓewa. Yana kwanciya cikin laka, tarwaɗa mai kiwo a ƙasan ruwa ta ɗauka, ita kuma ta ƙare a kaskon mai suya. Da ruwan Jakara ake ban-ruwan lambuna masu yawa da latas da kabejinsu ke shigowa kasuwa.

Ban ce a rufe masana'antu ba, abincin dubban gidaje na can, kuma fata tsohuwar sana'ar Kano ce. Abin nema shi ne a tace dagwalon kafin a sake shi, kamar yadda dokokin hukumar kula da muhalli ta NESREA, wadda aka kafa a 2007, suka tanada. Wanda ke son ganin inda aka kwana, ya je bakin Salanta da rani, lokacin da babu ruwan sama da zai sirka. Tun kafin ya ga launin ruwan, hancinsa zai gaya masa ya iso.