Kuskure da Matsayinsa a Manhajar Binciken Aibu: Darasi ga Rubutun Arewanci

1. Gabatarwa

Tun da aikin yaƙi da jahilci ya koma dogara ga kwamfuta wajen tsara littattafai, wata tambaya ta taso: idan na'ura ta ci karo da abin da ba ta sani ba, wa zai yanke hukunci cewa kuskure ne? Masu ƙera manhajar binciken aibu, watau wadda ake bin sawun kurakuran shirin kwamfuta da ita, sun daɗe da fuskantar wannan tambaya. Maƙalar nan za ta bayyana hanyar da suka bi, sannan ta auna ta da Arewanci, karin harshen Arawa na gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, cikin jihar Doso.

2. Mai gano aibu dabam, mai hukunci dabam

Manhajar Eclipse, wadda kamfanin IBM ya saki ga jama'a a 2001, an gina ta ne da uwa ɗaya da ƴaƴa masu yawa da ake jona mata. Ƴar da ke binciken aibu ba ta magana da mutum kai tsaye. Idan ta tarar da matsala, sai ta fitar da rahoto mai ɗauke da sunanta, da lambar matsalar, da saƙo, da kuma matsayi. Matsayin nan hawa biyar ne: lafiya lau (0), sanarwa (1), gargaɗi (2), kuskure (4), sokewa (8).

Daga nan sai a nemi wata ƴar da ta yi rajistar karɓar wannan lamba. Alal misali, idan shirin da ake bincike ya yi jinkirin amsawa, mai karɓa ita ce ke tambayar mutum ko a ci gaba da jira ko a haƙura. In babu mai karɓa, sai aiki ya tsaya. Hikimar ita ce, rahoto ɗaya yana iya samun hukunci iri-iri gwargwadon wurin da ake aiki.

3. Aunawa da Arewanci

Ƙa'idojin rubutun Hausa a Nijar sun samo tushe daga taron Bamako na 1966, aka tabbatar da su da dokar ma'aikatar ilimi ta 1999. Amma Ba'are yana cewa hwari da hita a inda daidaitacciyar Hausa ke da fari da fita, yana kuma sa na da ta a gurbin ne da ce. Manhajar duba rubutu da ba ta san hawa-hawa ba za ta ja wa duk waɗannan jan layi. Ya kamata a bambanta abubuwa uku:

(a) Kuskure: harafi mai ƙugiya ya lalace a fayil, ya koma akwati ko alamar tambaya. Dole aiki ya tsaya.

(b) Gargaɗi: baki ko baƙi, kafa ko ƙafa. Kowace kalma ce ta gaske. Mutum kaɗai ya san wadda ake nufi, don haka a tambaye shi.

(c) Sanarwa: hwari, hita, da kuma 'y ta Nijeriya a inda Nijar ke rubuta ƴ. Babu aibu a nan, bambanci ne kawai.

Hukuncin (c) na mai karɓa ne. A littafin makaranta sai ta ba da shawarar daidaitawa. A kundin tatsuniyoyi da kirarin da aka ɗauko daga bakin tsofaffin Matankari, sai ta bar kalma yadda aka faɗe ta.

4. Kammalawa

Tun da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, buƙatar kayan duba rubutu ta ƙaru. Ya wajaba masana harshe su tsara jerin lambobin nan da matsayinsu kafin masu ƙera manhaja su soma aiki. Dattijon da ya koyi rubutu da girma, in na'ura ta ce masa harshen da ya tashi da shi kuskure ne, da wuya ya sake ɗaukar alƙalami.