Kaka Ba Ƙarshen Noma Ba Ce: Aikin Gona Bayan Girbi a Ƙasar Barno

Gabatarwa

Ɗalibin Hausa ya san shekara ta kasu gida huɗu a bakin Bahaushe: bazara, damina, kaka da rani, sai kuma hunturu da ke kutsowa cikin rani da sanyinsa da ƙurarsa. Abin da yawancinmu muka ɗauka shi ne da zarar an yanke gero da dawa an kai dami rumbu, manomi ya shiga hutu sai wata shekara. Wannan maƙala za ta nuna cewa a Barno abin ba haka yake ba, domin aikin da aka yi tsakanin Oktoba da Fabrairu shi ke gyara damina mai zuwa ko ya ɓata ta.

Abin da ya rage a gona

Ruwan da Maiduguri ke samu bai cika wuce milimita 600 a shekara ba, kuma akasarinsa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Ƙasar jigawa kuwa rairayi ce, ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki. Saboda haka kara da karmami da harawar wake ba shara ba ne. Idan aka bar wani kaso na kara kwance a gona, yana tare iskar hunturu kada ta kwashe ƙasar sama, gara kuma ta ci shi ta mayar da shi ƙasa. Sai dai kara yana da masu nema da yawa: ana danga da shi, ana girki, dabbobi suna ci. A da, manomi kan yi yarjejeniya da makiyayi, Bafulatani ko Shuwa, shanu su ci kara su kwana a gonar, su bar masa kashinsu. Kowa ya ci riba ba tare da kuɗi sun shiga tsakani ba.

Akwai wani hanzari. Tsutsar da ke huda karan dawa da na gero a cikin busasshen kara take kwanciya duk rani, ruwan farko na sauka ta zama malam-buɗe-littafi ta sake yin ƙwai a sabuwar shuka. Shi ya sa masana a Samaru suka ba da shawarar a babbake karan sama-sama bayan girbi, yadda zafi zai kashe tsutsar amma karan ya ci gaba da amfani. Wannan ya sha bamban da banka wa gona wuta gaba ɗaya, wanda a ganina asara ce tsagwaronta.

Wake kuma a rumbu ake rasa shi. Tun daga 2007 aka fara yaɗa buhun PICS mai hawa uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro: leda biyu a ciki, buhun saƙa a waje. In an ɗaure kowanne tam, iska ta ƙare, ƙwarin su mutu ba tare da magani ba.

Masakwa da firgi

A nan ne Barno ta sha bamban da ƙasar Hausa. Daga Dikwa zuwa Marte da Ngala akwai baƙar ƙasa mai yumɓu wadda Kanuri ke kira firgi. Da damina ruwa yakan kwanta a kanta, ba ta nomuwa; da rani ta tsattsage. Manoma kan yi mata shinge na ƙasa tun kafin ruwa, don ya tsaya ya nutse sosai. Wajen Agusta sai a yafa irin wata dawa a wuri na musamman. Idan ruwa ya janye, a ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba, sai a sare ciyawa, a ɗauki sanda mai tsini a huda rami, a zuba ɗan ruwa, a dasa. Daga nan ba ruwan sama, ba ban ruwa. Damshin da yumɓu ya ɓoye shi zai raini shukar har a girbe ta a Janairu ko Fabrairu. Wannan dawa ita ce masakwa.

Masu nazarin harshe su lura da sunan. Fulanin Arewacin Kamaru suna cewa muskuwaari, a Chadi kuma ana kiranta berbere. Bahaushen Maiduguri bai wahalar da kansa ba, ya ari masakwa da firgi yadda ya same su, kamar yadda ya saba da kalmomin Kanuri tun zamanin da ya ari kasuwa.

A 1975 aka kafa Cibiyar Binciken Tafkin Chadi a Maiduguri, kuma a shekarun 1970 ɗin ne aka soma babban aikin ban ruwa na Kudancin Chadi a yankin Marte, don noman alkama da shinkafa. Da tafkin ya ja baya a farin shekarun 1980, magudanan suka ƙafe. Masakwa, da ba ta buƙatar famfo ko dizal, ta ci gaba da ciyar da mutane.

Rani lokacin koyo

Da rani ne malaman gona suka fi samun manoma a zaune, a nuna musu sabon iri ko yadda ake haɗa takin gargajiya a rami. Amma sanin firgi ba a aji ake samun sa ba. Yaro yana bin mahaifinsa ne ya ga yaushe ƙasa ta yi daidai da dashe, domin in an yi gaggawa saiwa ta ruɓe, in an makara damshi ya gudu.

Rikicin da ya fara a 2009 ya yanke wannan sarƙa. Mutanen Marte da Dikwa da Ngala da yawa sun yi shekaru a sansanonin Maiduguri, kuma kisan manoman shinkafa na Zabarmari a Koshebe ranar 28 ga Nuwamba 2020 ya nuna irin haɗarin da ke cikin fita girbi. Yaron da aka kawo birni yana ɗan shekara biyar a 2014, ko da aka soma rufe sansanonin a 2021 ya kai sha biyu, bai taɓa riƙe sandar dashe ba. Ɗalibin da ke neman batun kundin digiri zai iya ɗaukar rakoda ya zauna da dattawan waɗannan garuruwa, ya tattara sunayen ire-iren masakwa, da na kayan aikinta, da alamomin da suke gane lokacin dashe da su, cikin Kanuri da Larabcin Shuwa da Hausa.