Allura Da Ma'auni: Kayan Aikin Masaƙin Raga

Duk wanda ya halarci bikin kamun kifi na Argungu ya ga dubban masunta suna faɗawa kogin Matan Fada, kowa da homa da gora. Wannan biki ya soma ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya wajaba a adana. Amma 'yan kallo ƙalilan ne kan tambayi yadda aka saƙa homar.

Kayan aikin ba su da yawa. Na farko allura ce da ake sassaƙawa da itace, mai harshe a tsakiya da gindi mai baki biyu, inda ake naɗe zare. Na biyu ma'auni, watau ɗan itace shafaffe wanda ake zagaya zaren a kansa kafin a ƙulla. Sai wuƙa ta yanke saura. A da, Sarkawa kan jiƙa rama su ɓare, su murza zaren a cinya. Daga baya zaren nailan ya kore ta, don ba ya ruɓewa a ruwa.

To, a cikin ukun nan, ma'auni ne ya fi ƙanƙanta, amma shi ke yanke hukunci. Faɗinsa shi ne faɗin idon raga. In ido ya yi faɗi, ƙananan kifaye su sulale su girma su hayayyafa. In ya matse, sai a kwashe uwa da 'ya'ya. Ashe masaƙi yana zaune a inuwa ne, amma hannunsa na cikin kogi.

Yau ragar inji ta cika kasuwannin Yawuri da Baga, mai araha, sau da yawa mai ƙananan idanu. Har gidan sauro wasu ke su da shi. Sakamakon haka kifi na ƙanƙancewa, masunci na daɗewa a ruwa ya komo da kaɗan.

Har wa yau, ragar inji ma in ta yage, allurar nan ake nema a yi mata ɗinki. Saboda haka ya kamata sarakunan ruwa da ma'aikatan gidan gona su dage a koya wa yara saƙa, su kuma tsayar da ma'auni guda wanda kowane masunci zai bi.