Tarihin da ke Binne Ƙarƙashin Jigayin Sule Tankarkar

Duk wanda ya bi hanya daga Gumel zuwa Sule Tankarkar, ko ya nausa Maigatari, zai lura cewa ƙasar ba ta da duwatsu. Rairayi ne shimfiɗe iyakar ganin ido. Saboda haka ɗalibaina 'yan wannan yanki sukan tambaye ni: shin a ƙasa irin tamu ana samun burbushin halittun dā? Amsar ita ce ana iya samu, amma sai mutum ya san inda zai duba.

Da farko, mene ne burbushin halitta? Idan dabba ko tsiro ya mutu, yawanci ruɓewa yake yi. Amma idan laka ta rufe shi da wuri, iska ba ta kai gare shi ba, to sassansa masu tauri, wato ƙashi da haƙori da ɓawo da itace, suna iya wanzuwa. Sannu a hankali ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan cusa ma'adinai cikin ƙofofinsu, har su koma dutse, siffarsu kuwa tana nan.

Jigayin da muke noma gero a kansu iska ce ta tara su a wani zamanin fari, dubban shekaru da suka wuce. A ƙarƙashinsu akwai yumɓu da yashi waɗanda koguna da tafkuna suka ajiye cikin kwarin Chadi. Kimanin shekara 7,000 baya, Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000, kuma tudun tsohuwar gaɓarsa yana nan ya ratsa Bama da Maiduguri. Don haka abin da ake sa ran samu a nan shi ne katantanwa da makankari da ƙashin kifin ruwan daɗi. Mai hanyar kaiwa gare su kuwa shi ne mahaƙin rijiya da mai haƙar ƙasar gini a kududdufi. Kada mu manta, a 1987 wani makiyayi ne mai haƙa rijiya ya ci karo da kwalekwalen Dufuna a Jihar Yobe ta yau, wanda ya kai shekara 8,000.

Mai son ganin halittun teku kuwa, sai ya nufi Sakkwato. Kimanin shekara miliyan 70 da suka shige, wani rukunin teku mara zurfi ya ratso Sahara ya malale wannan yanki. A duwatsun Dukamaje an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku, dangin guza. Masani Swinton ya yi bayaninta a 1930, sannan a 1972 aka raɗa mata suna Goronyosaurus, don tunawa da Goronyo. Dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina cike yake da ɓawon halittun teku, a Gundumi kuma akwai itatuwan da suka zama dutse. A Gadufawa ta ƙasar Nijar ne aka samo Sarcosuchus, kadan da tsawonsa ya kai mita 9, wanda aka sa wa suna a 1966.

To, yaya mai sha'awa zai gane abin da ya tsinta? Itacen da ya zama dutse yana da zane-zanen itace sak, amma ya fi itace nauyi ƙwarai, wuƙa ma ba ta karce shi. Bushiyar teku dunƙulalliya ce kamar ƙaramar fura, da zanen tauraro mai reshe biyar a bayanta. Haƙorin kifin shak yana da ƙyalli da tsini. Amonayit, wadda ake samu da yawa a Ashaka ta Jihar Gombe, a naɗe take kamar ƙahon rago. Ƙashi kuwa, a dubi inda ya karye, za a ga 'yan ƙofofi kamar na soso. Idan aka ɗiga ruwan lemon tsami a kan dutse ya fitar da 'yar kumfa, alama ce ta dutsen farar ƙasa, irin wanda ya fi riƙe ɓawon halittu.

Sai dai ba duk abin mamaki ne burbushin halitta ba. Wurin da ake tsinta a kufai fatake ne suka kawo shi, asalinsa daga Tekun Indiya, a zamanin da shi ne kuɗi. Gatarin aradu hannun mutanen dā ne ya sassaƙa shi. Tsakuwar marmara ma takan yi kama da ƙwai ko 'ya'yan itace, alhali tsatsar ƙarfe ce ta dunƙule.

Babbar asarar da ake yi ita ce raba abu da wurinsa. Ƙashin da ba a san inda ya fito ba tamkar wasiƙa ce da aka yage adireshinta. Saboda haka wanda ya yi tsintuwa ya rubuta sunan ƙauyen, da ranar, da zurfin wurin, wato gaba nawa, da launin ƙasar da ke kewaye. Ya ɗauki hoto tare da ajiye ashana a gefe don nuna girma. Kada ya wanke da ƙarfi, ya naɗe cikin takarda. Idan ƙasusuwa ne a jere, ya bar su yadda suke, ya sanar da sashen nazarin ƙasa na jami'a mafi kusa, ko gidan tarihi irin Gidan Makama da ke Kano. Haka kuma kada kowa ya shiga tsohuwar rijiya ko ramin ƙasa don nema, gama rai ya fi kowane dutse.

Kira na musamman ga malaman firamare da na sakandare a Gagarawa da Gumel da kewaye: duk lokacin da ake haƙa sabuwar rijiya, a kai yara su dubi tulin ƙasar da aka fitar, launi bayan launi. Da zarar an watsa wannan ƙasa, labarin da ta ɗauko ya tafi ke nan.