Gida a kan taya: inda birki ke shanyewa

Kwanan nan bidiyon motocin nan masu ɗakin kwana da kicin da banɗaki sun cika Facebook da TikTok, kuma gardamar da ake yi a kansu a majalisu ba ta wuce kuɗi: nawa ake sayarwa, mai nawa suke sha. In an gama da wannan sai wani ya ce ai abin tsoro a tafiyar shi ne hamada. Da gaskiyarsa, amma Amurkawan da ke ratsa yammacin ƙasarsu da irin waɗannan motoci, da yawansu dattawa 'yan fansho, sun fi shakkar wani wurin daban, wato gangaren dutse.

Hamadar dai ba wasa ba ce. A kwarin Death Valley na jihar Kalifoniya aka rubuta zafin da ya kai digiri 56.7 a watan Yulin 1913, kuma wani sashen kwarin yana mita 86 ƙasa da doron teku. Mai fita ta yamma sai ya haura mashigin Towne, mai tsayin fiye da mita 1,500, inda alluna a bakin hanya ke cewa a kashe na'urar sanyaya mota kada inji ya ɗau zafi. Sai dai inji yana ba da sanarwa: allurar zafi za ta hau, lagireto zai yi tururi, direba ya faka ya jira. Hawa ma haka. Iskar sama ba ta da kauri, don haka injin da ba shi da turbo yakan rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk mita 300. Kafin a kai ramin Eisenhower, inda hanya ta ratsa ta cikin dutse a jihar Kolorado, mita 3,400 sama da teku, kusan sulusin ƙarfin ya tafi. Mota za ta yi ta nishi tana jan ciki, iyakar abin ke nan.

Da an fito daga ramin ta yamma, hanya ta sunkuya kashi 7 cikin ɗari har kimanin kilomita 11 zuwa garin Silverthorne. A nan ne direba ke sakin jiki, yana ganin wahala ta ƙare.

Birki ba ya ɓatar da gudun mota, mayar da shi zafi yake yi. Mota mai nauyin tan 10 idan ta gangaro mita 1,000, zafin da dole ta zubar ya isa ya tafasa ruwa duro ɗaya da rabi. In direba ya ɗora wannan aiki duka a kan birki, zafin zai taru ne a kan 'yan farantan ƙarfe da ke bayan tayoyi. Takalmin birki in ya yi zafi fiye da kima sai ya riƙa sulɓi, ana takawa ba ya kamawa. Man birki kuma yana da nasa ciwon. Sabon man birki nau'in DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, amma yana zuƙar danshi daga iska a hankali, kuma wanda ya daɗe a mota yana iya tafasa a digiri 140. Da ya tafasa sai kumfa ta shiga bututu, ƙafa ta tafi har ƙasa ba abin da ya riƙe. Motocin nan masu ɗakin kwana kuwa suna yawan zama: sai su yi wata da watanni a fake, man na tsufa ba wanda ya duba. Manyan cikinsu masu birkin iska su ma ba su tsira ba, domin yawan dannawa da saki yana ƙarar da iskar tanki.

Maganin ba sabo ba ne: giyar da ta hau da kai, ita za ta sauko da kai. In mota tana ƙaramar giya, injin ne ke riƙe ta, birki kuwa a taka da ƙarfi na ɗan lokaci, a saki ya sha iska. A hanyar dutsen Pikes Peak ma akwai shinge a wurin da ake kira Glen Cove, inda ma'aikata ke auna zafin birkin masu saukowa. Wanda nasa ya haura kimanin digiri 150 sai ya zauna ya huce. Manyan gangarorin Kolorado kuma an yi musu titin tsira a gefe, an zuba tsakuwa mai zurfi, motar da ta ƙwace ta faɗa ciki ta nutse. Abin da na kasa ganewa shi ne yadda yawancin jihohin ƙasar ke barin mutum ya ja motar da ta kusa tan 12 da lasisin ƙaramar mota.

Abin da ya fi ba ni haushi dai yana nan gida: sa mota a firi a gangare wai don a rage shan mai. Kalifoniya da Kolorado duk sun haramta shi. Ribar ma babu ita, domin injin zamani yakan yanke mai gaba ɗaya idan mota na cikin giya kuma an ɗaga ƙafa daga totur, alhali a firi sai ya ci gaba da sha don kada ya mutu. Duk wanda ke bin hanyar Jos ya san Hawan Kibo da irin tirelolin da ke kwance a gefensa. Bayan kowane haɗari bayanin hukuma ɗaya ne, birki ya tsinke, a ja mota a share titi. Ba ka jin an faɗi giyar da aka sami motar a ciki, ko yaushe rabon da a canja mata man birki.